Ƙoƙon da Muka Ƙi Karɓa a Bayan Tanjuware

Sokode ce zangona na farko a Togo, kuma a nan aka fara cutata tun ƙafata ba ta saki daga zaman mota ba. Ina sauka a tasha wani saurayi mai fara'a ya tare ni da Hausa, ya ce duk mahautan garin ya san su. Ya karɓi jakata ya ɗaure a bayan babur, ya ce in tsaya ya juyo da kan mashin. Ya juya, ya miƙe titi, ban ƙara ganinsa ba. Abin da ya rage mini shi ne rigar jikina, da katin shaida, da waya, da wuƙar fiɗa da na naɗe a tsumma na soke a ƙugu.

Sunana Sa'idu, mahauci ne ni ɗan mahauci, daga ƙasar Katsina. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Zan faɗi abin a jere yadda ya faru, domin mai shirin shiga dajin da bai sani ba ya ɗauki abin da zai ɗauka.

A barandar wani masallaci na Zango, unguwar Hausawa, na riƙa kwana. Wata mai koko ta lura kullum ina zaune ina kallon tukunyarta ba na saye, sai ta fara aiko mini da kofi ɗaya da ƙosai, ba ta taɓa tambayata daga ina nake ba. A wajenta Baba Garba ya ji ina godiya. Dattijo ne dogo mai furfura a gemu, da carbi a wuya. Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa.

"Wannan bakin na Katsinawa ne," in ji shi. "Allah ya kawo mini bawana har Togo."

Daga maganarsa na gane Bakabe ne, mutumin Argungu, abokin wasanmu. Na ce masa ban taɓa jin inda kifi ya mallaki mutum ba. Ya yi dariya har ya ƙware da koko. A ranar ya kai ni wurin maigidansa, Alhaji Mumuni, babban mahauci a kasuwa, ya tsaya mini, ya kuma ba ni gefen tabarma a ɗakinsa.

Aikin bai ba ni wuya ba, fiɗa ɗaya ce ko'ina. Kewa ce ta dame ni. Hausar Zango Hausa ce, amma sai a ce maka matar Alhaji ya ce ka zo, ka tsaya kana neman namijin da ya aiko. Rabin lissafi da Faransanci ake yi, rabin zagi da Kotokoli, yaren 'yan garin. In magariba ta yi sai in ji ina son furar gidanmu da muryar mahaifiyata tana faɗa da awaki. Baba Garba ne maganin wannan. Ya shekara da yawa a Sokode, amma daga Zango sai kwata, daga kwata sai masallaci. Bai taɓa kwana a ƙauyen da ba a kiran salla ba. A riƙe wannan, domin zai dawo.

Da bazara ta kama dabbobi suka yi tsada, Alhaji ya tura mu arewa mu sayo awaki da zabi. Muka bi ta Bafilo, muka wuce Kara da Mango, ƙasa tana ƙara bushewa, shingayen jandarma suna ƙara yawa, kowane shinge a sauko a nuna kati. Muka sauka Dapaong, wadda mutanen Zango ke ce wa Dapango, a gidan wani mahauci abokin Alhaji. Maigidan ya yi tafiya, iyalinsa suka ba mu ɗaki da tuwo. Da yana gari, wataƙila da ya gaya mana abin da ya kamata mu sani.

A kasuwar dabbobi wani dillali ya ja mu gefe. Ya ce mu bar tsadar birni, akwai kasuwar ƙauye a bayan Tanjuware da ke ci washegari, awaki kamar kyauta, kuma kusa ne. Ya haɗa mu da 'yan zemijan biyu, wato masu haya da babur, ya karɓi ladarsa tun ba mu ga ko jelar akuya ba. Da hantsi suka sauke mu a wata mararraba, suka nuna wani tsauni suka ce kasuwar tana bayansa, hanyar ce ba ta babur ba. Suka juya da sauri. Daga baya na ji cewa kasuwar tana can wani ɓangare dabam, kuma ba ranar take ci ba.

Guzurinmu ledar ruwa bibbiyu ne. Wannan shi ne kuskure na farko. Duk wanda ya ce maka wuri kusa ne a ƙasar da ba ka sani ba, ka ɗauki ruwan wuni guda. Kafin rana ta take mun shanye, wayata ba sabis, tsaunin kuma yana inda yake kamar ba mu yi taku ɗaya ba.

Wajen azahar muka iso wani gida shi kaɗai a tsakiyar gona. Ɗakuna ne zagayayyu da katanga ta haɗe su, irin ginin mutanen Moba. A ƙofar gida manyan tukwane ne a kan murhu suna tafasa, hayaƙi na tashi, warin cakpa ya cika ko'ina. Cakpa ita ce burkutunsu ta dawa. Wani tsoho yana zaune a gindin ɗorawa. Muka yi sallama, bai amsa ba. Muka gaida shi da ɗan Faransancin da muka iya, bai amsa ba. Ya dai nuna mana wani kututture da hannu.

Wata tsohuwa ta leƙo, ta dubi hulunanmu da carbin Baba Garba, ta koma ciki. Ta ɗan jima, sannan ta fito da ƙoƙo a hannu biyu. Ta kurɓa a gabanmu, ta durƙusa, ta miƙa wa Baba Garba. Abin da ke ciki fari-fari ne mai duhu, da tsaki a ƙasa. Ya kai hanci. A wurin nan ko hularka ka shinshina warin giya za ka ji.

Ya mayar mata, ya ce mu Musulmi ne, ba ma sha, ruwa muke roƙo. Ya yi alamar ruwa da hannu, ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Faransanci. Ta ƙara miƙo ƙoƙon. Ya dubi tsohon, tsohon ya kawar da kai yana kallon gona. Baba Garba ya fassara abin yadda ya gani: an ƙi amsa sallamarmu, kuma ba za a ba mu ruwa ba sai mun sha giya.

"Tashi mu tafi, Sa'idu. Ban kai furfura ba don in sayar da sallata a kan kurɓi ɗaya."

Maƙogwarona kamar an zuba toka, amma shi ne babba, shi ya ba ni tabarma. Na tashi. Tsohuwar ta biyo mu har bakin gona da ƙoƙon a hannu, tana ɗaga murya, tana nuna wata hanya dabam da haɓa. Baba Garba ya ce zaginmu take yi, kada in waiwaya.

Muka kama wata 'yar hanyar awaki da ta nufi tsaunin. Tana ta sirancewa har ta kai mu kan wani falalen dutse mai faɗi, ta ɓace. Nan ne kuskure na biyu. In hanya ta ƙare a ƙafarka, a nan take ake juyawa, tun sawunka yana bayanka. Na faɗa masa haka. Ya ce Bakatsine da tsoro, kasuwa tana bayan tsauni ana jiranmu. Muka ƙetare dutsen, muka gangara, muka hau wani. Da muka yarda mun ɓata, babu sawu ko ɗaya da za mu bi mu koma, domin dutse ba ya riƙe sawu. Ko'ina kaɗanya ce da ciyawar da wuta ta cinye da duwatsu masu kama da juna.

Yunwa ta sa muka tsinki ɗorawa muka ci garinta. Kada mai ƙishi ya yi wannan. Garin ya manne mana a dasashi, ya tsotse ɗan yawun da ya rage. Da na ga Baba Garba ya fara tangaɗi, na ajiye kunya na ce ba za mu ƙara taku ba sai rana ta yi sanyi. Muka shiga inuwar wani dutse muka kwanta, baki rufe, ba magana. Da la'asar sakaliya muka yi taimama muka yi salla, muka ci gaba, muna bin gangare, tunda ruwa ƙasa yake nema. A kan dutse muka kwana.

Da gari ya waye na ga kurciyoyi suna wucewa ƙasa-ƙasa, duk gefe guda suke nufa. Muka bi su har muka faɗa wata busasshiyar ƙorama. Wajen sauka cikinta ne ƙafar Baba Garba ta gurɗe a kan dutse, ya faɗi, idon sawunsa ya kumbura nan da nan. Na ja shi gindin wata kanya da ke kan kwanar ƙoramar. A irin wannan kwana ake tono, ta gefen da ruwa ke dukan gaɓa da damina, inda itace ya fi kore. Na tona da wuƙar fiɗa da hannu har kafaɗata ta shige. Yashi ya yi sanyi, ya yi danshi, daga ƙarshe taɓo ya fara tsattsafowa. Bai taru yadda za a ɗiba ba. Na cusa hulata a ramin, in ta jiƙe in matse masa a baki, in matse wa kaina. Ya jiƙa harshe, bai kashe ƙishi ba.

Kafin hantsi ya ɗaga jikinsa ya canza. Gumi ya ɗauke, fatarsa ta bushe ta yi zafi kamar tukunya. Ya fara magana da wansa da ya rasu, yana ce masa ya riƙe kwalekwale, kifi ya cika koma. Mutumin da aka haifa a bakin gulbi, ga shi kwance a cikin ƙorama leɓensa ya tsage. Na yi shekaru ina duba idon dabba kafin yanka, na san idon da ba zai kai gobe ba. Na ga alamar a nasa.

Na hau wani dutse mai tsawo na duba ko'ina. Ba gida, ba mutum, ba saniya. Sai can nesa na hango siririn hayaƙi yana tashi sak daga wuri ɗaya. Gobarar daji yaɗuwa take yi, wannan kuwa murhu ne da ba a bari ya mutu. Gida ɗaya na sani a dajin nan mai irin wannan wuta.

Ƙa'ida ita ce waɗanda suka ɓata tare ba sa rabuwa. Na san da haka. Amma ba zan iya ɗaukarsa ba, zama kuma jiran gawa ne. Na shirya shi kafin in tafi. Na faɗaɗa rami a yashi mai sanyi a ƙarƙashin kanyar, na kwantar da shi ciki, na rufe ƙafafunsa da ƙirjinsa da danshin yashi. Na ɗora masa jiƙaƙƙiyar hula a goshi. Na tuɓe masa farar rigarsa na ɗaure a reshen da ya fi tsawo don a hango. Lokacin hankalinsa ya ɗan dawo, ya tambaye ni ina za ni. Na gaya masa gaskiya.

"Kada ka koma gidan giya saboda ni," ya ce da ƙyar. "In na cika, ka sa a gaya wa Hadiza a Argungu ban bar salla ba." Hadiza 'yarsa ce, ita kaɗai gare shi.

Na ce masa shi zai gaya mata da bakinsa, ni ba ɗan aiken Bakabe ba ne. Bai yi dariya ba. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Na tafi ina sassaƙar bawon kowane itace da na wuce da wuƙa, ta gefen da mai dawowa zai gani. Inda ba itace sai in ɗora duwatsu kan juna. In na gangara kwari hayaƙin ya ɓace, ba na ci gaba da ka, sai na sake hawa na gan shi. Na faɗi ba sau ɗaya ba. Daga baya na fara jin kukan zabin gida, sannan warin cakpa ya bugi hancina. Ban taɓa zaton zan gode wa Allah a kan wannan wari ba.

Wannan karon akwai maza a ƙofar gidan, majiya ƙarfi, ƙafafunsu duk toka. Na faɗa tsakiyarsu ina nuna daji, ina cewa mutum zai mutu. Muryata ba ta fita sosai. Ba wanda ya ce uffan. Tsohon ya nuna kututturen nan. Na ji kamar in kama shi in girgiza. Kowane numfashi da nake yi a wurin, Baba Garba yana can rana tana matsowa kansa. Tsohuwar ta fito da gudu-gudu, abin da ke ƙoƙon yana zuba a hannunta. Ta kurɓa, ta durƙusa, ta miƙo.

Na zauna. Na ce a raina ko giya ce, Allah ya ga halin da nake ciki. Na yi bisimilla na kafa kai.

Ruwa ne. Ruwan randa mai sanyi, da garin gero, da ɗan tsamiya. Abin da mahaifiyata ke dama wa mai dawowa daga gona.

Ina sauke ƙoƙon tsohon ya buɗe baki ya fara gaisuwa, gidan duka ya ɗauki magana lokaci guda. Babban ɗansu, Lare, ya dafa kafaɗata, ya yi mini magana da Hausar kasuwa.

"Ka sha, yanzu kai baƙo ne. Ina tsoho?"

A hanya ya ba ni sauran bayani, muna sauri da jarkar ruwa da wata ƙofar kara da suka ciro. A gidansu ba a gaida baƙo, ba a tambayarsa abin da ya kawo shi, sai ya zauna ya sha ruwan gari. Mai ƙishi ba a sa shi magana. Jiya mazan gidan duk suna wata kasuwa, ba mai jin Hausa a gida. Da suka dawo uwarsu ta tayar da su, suka bi sawunmu har falalen dutse, inda sawun ya ɓace musu, yau ma tun asuba suna daji, dawowarsu ke nan. Ya ce, "Uwana bai ci abinci ba tun jiya. Ya ce ya kashe baƙi biyu."

Sassaƙar wuƙata ta kai mu, farar rigar ta nuna kanyar. Mun same shi da rai, amma bai san mu ba. Na ɗauki jarka zan ɗura masa, Lare ya riƙe hannuna. Ya ce wanda ya bushe haka kaɗan-kaɗan ake ba shi, in ba haka ba ya amayar ko ya shaƙe. Ya jiƙa masa jiki, ya riƙa ɗiga masa ruwan garin nan a gefen baki yana jira ya haɗiye. Suka ɗora shi a ƙofar kara suka ɗauka a kafaɗa har gida, daga nan amalanken jaki zuwa titi, daga titi mota zuwa asibiti a Dapango.

Ya daɗe a kwance ana ƙara masa ruwa. Ya tashi, amma likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, ba shi ba tsayuwar kwata, ba shi ba ɗaukar cinyar sa. Sana'ar da ya ci abinci da ita tun yana saurayi ta ƙare a ƙoramar nan. Alhaji Mumuni ya aiko a mayar da shi gida wurin 'yarsa. Awaki kuwa ko ɗaya ba mu saya ba.

Ranar da ya fara zama da kansa ya tambaye ni me aka ɗiga masa a baki a daji. Na ce abin da aka miƙa masa ranar farko. Na gaya masa abin da ke ciki. Na kuma gaya masa abin da Lare ya nuna mini: ƙoƙon nan ba ya cikin ƙoƙunan cakpa. Shi kaɗai yake rataye a ɗakin tsohuwar, giya ba ta taɓa shigarsa ba, ta ajiye shi ne don Fulani da 'yan kasuwa Musulmi da hanya ke biyowa da su. Jimawar da ta yi a ciki ranar nan, wanke hannu take yi tana ɗauko shi, saboda ta ga carbinsa.

Ya juya fuska bango. Da yamma ya ce mini ba zai hau motar gida ba sai an kai shi gidan.

Lare ya zo ya ɗauke mu. Tukwanen suna nan suna tafasa. Baba Garba ya dogara sanda har kututturen, ya zauna, bai yi sallama ba, bai ce komai ba. Tsohuwar ta fito da ƙoƙon, ta kurɓa, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Sabo ya rinjaye shi, ya kai hanci. Ta faɗi wata magana, gidan duka ya fashe da dariya. Lare ya ce cewa ta yi ya shinshina yadda yake so, amma ya sani 'ya'yanta sun gaji, ba mai sake ɗauko shi daga daji.

Ya shanye har tsakin. Tsohon ya fara gaisuwarsa mai tsawo, Baba Garba yana amsa kowace gaɓa da "lafiya lau", bai san me ake tambaya ba, hawaye na bin gemunsa.

Da za mu tashi ya ce wa Lare ya roƙa masa Inna ta ba shi ƙoƙon ya tafi da shi Argungu, ya nuna wa Hadiza. Tsohuwar ta girgiza kai. Ta ce bazara ba ta ƙare ba, wani mai carbin zai zo da ƙishi. Ta ɗauraye shi, ta shiga ɗaki, ta mayar da shi inda yake rataye.